Raba Tagwayen Ilektiron daga Ƙarfe Maras Tirjiya

1.0 Gabatarwa

Wutar lantarki ba wata aba ba ce illa kwararar wasu ƙwayoyi ƙanana da ake kira ilektiron. A cikin wayar wuta ta yau da kullum, waɗannan ƙwayoyi sukan yi ta karo da jikin ƙarfe, shi ya sa waya take ɗaukar zafi. Wannan cikas shi ake kira tirjiya. A shekarar 1911, Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ya gano cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifiri, tirjiyarta takan ɓace gaba ɗaya. A wannan babi za a yi bayanin yadda masana suke raba ilektiron ɗin irin wannan ƙarfe ba tare da sun yanke zumuncin da ke tsakaninsu ba.

2.0 Tagwayen Ilektiron

A 1956 Leon Cooper ya nuna cewa a cikin matsanancin sanyi ilektiron sukan haɗu bibbiyu. A 1957 shi da John Bardeen da Robert Schrieffer suka gina cikakken ra'i a kan haka, wanda ya ba su lambar Nobel a 1972. Kowane ilektiron yana da wata siffa da ake kira juyi, wadda idan aka auna ta takan fuskanci sama ko ƙasa. A cikin tagwaye, juyin ɗaya kishiyar na ɗayan ne, amma ba a tantance wane ne na sama ba sai an auna. Wannan dangantaka ita ake kira sarƙuwa, kuma tana daga cikin ginshiƙan kwamfutar kwantam. Matsalar ita ce, muddin tagwayen suna wuri guda, ba a iya auna kowanne shi kaɗai.

3.0 Aikin Ɗigon Kwantam

Ɗigon kwantam wani ɗan gurbi ne mitsitsi da ake keɓewa a jikin siririyar waya. Da yake ilektiron suna ture juna, gurbin ba ya karɓar biyu a lokaci guda. Saboda haka ake sa ƙarfe maras tirjiya, kamar alminiyam, a tsakiya, ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Misalinsa kamar ɗaki ne mai ƙofa biyu, kowace ba ta wuce mutum ɗaya: dole Hassan ya bi ta nan, Husaini ya bi ta can. Patrik Recher da Eugene Sukhorukov da Daniel Loss ne suka kawo wannan shawara a 2001, sannan a 2009 ayarin Christian Schönenberger a Jami'ar Basel ta Suwizalan ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji.

4.0 Rawar Maganaɗisu

Raba tagwaye kaɗai bai nuna juyin kowanne ba. A nan ne maganaɗisu yake shigowa, domin ƙarfinsa yakan bambanta kuzarin juyin sama da na ƙasa. Ta haka ake mayar da kowane ɗigo rariya mai tace juyi iri ɗaya tak. Idan aka saita ɗigo biyun a kan kishiyar juna, wuta takan gudana sosai. Idan aka saita su iri ɗaya, sai ta ragu. Sai dai maganaɗisun ba ya wuce kima, don idan ya yi yawa yakan mayar wa ƙarfen da tirjiyarsa. A 2022 masana a Basel suka auna wannan kishiyanci. A shekarar dai, masana a Delft ta Holan suka nuna cewa a wata irin waya wadda take karkatar da juyin ilektiron yayin tafiyarsa, ana iya samun tagwaye masu juyi iri ɗaya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ɗigon kwantam shi ke raba tagwayen, maganaɗisu kuma shi ke tantance juyinsu. Ana son malami mai jiran gado ya kiyaye wannan jeri idan zai koyar: sanyi, tagwaye, ɗigo, sannan maganaɗisu, domin kowane mataki a kan na bayansa ya dogara.