Haruffa Masu Ƙugiya Ba Sa Ɓata Kwamfuta

Na gaji da jin wannan magana a shagunan buga takardu da wajen masu gyaran waya, wai ɓ da ɗ da ƙ ne ke rikita kwamfuta. Mutum ya buɗe takarda ya ga “Æ™asa” a inda aka rubuta “ƙasa”, hankalinsa ya tashi, ya ce an yi masa kutse ko bairos ya shiga. Mai shago kuma, maimakon ya bincika, sai ya ce, “Alhaji, a cire ƙugiyoyin nan kawai, kwamfuta ba ta jin Hausa.” Abin takaici har masu ilimi suna yaɗa wannan.

To, ita kwamfuta ba ta jin Turanci ma. Lamba kawai ta sani. Kowane harafi an ba shi lambarsa, ana adana ta a cikin bayit, wato jerin sifili da ɗaya guda takwas. Tsarin farko da ya yi fice, ASCII, an fitar da shi a Amurka a 1963, gurbi 128 kacal gare shi, A tana lamba 65. Ba a yi shi da mu a zuciya ba. Amma tun 1991 aka zo da Unicode don a tattara rubutun duniya wuri guda, kuma haruffanmu suna ciki, lambar ƙ ita ce 409. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar zuba waɗannan lambobi cikin bayit. A nan harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, ƙ kuwa biyu: 198 da 153.

Ga inda gizo ke saƙar. In manhajar da ta buɗe takardar ta ɗauka tsohon tsarin Windows-1252 ne, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai, 198 ya fito Æ, 153 ya fito ™. Ina bairos a nan? Ina ɗan kutse? Bayit ɗin suna nan yadda aka ajiye su, karatun ne aka yi da ma'aunin da ba nasa ba. Haba jama'a! A kan wannan za a goge wa mutum kwamfuta, a karɓi kuɗinsa, a kuma ce ya riƙa rubuta harshensa a gurgunce? Wanda ya ba da wannan shawara ba da sani ba, ya ji tsoron Allah.

Wani lokaci ɗan akwati ake gani a gurbin harafi. Wannan salon rubutun ne ba shi da zanensa, a canza wani.

In ka ga rubutu ya hargitse, kada ka yi gaggawar adanawa a kai, domin daga nan ne gyara ke wuya, musamman in haruffan suka koma alamar tambaya. Rufe, ka sake buɗewa, ka zaɓi UTF-8. In za ka adana taka takardar, nan ma UTF-8. A waya, sa allon rubutun Hausa, Gboard yana da shi. Masu shago su daina amfani da tsofaffin salon rubutu da ke ɗora zanen ƙ a kan lambar wani harafi, don da an kai takardar wata kwamfuta asiri ke tonuwa. Sai dai a lura da saƙon tes: harafi 160 yake ɗauka, amma ƙugiya ɗaya tak na mayar da shi 70, saboda wayar ta koma wani tsari mai cin wuri. Dogon saƙo sai ya rabu biyu ko uku, kuma kowanne da kuɗinsa.