Kaza ta kwanta a kan ƙwai 14, ta fito da ɗan tsako ɗaya

Jama'a masu sauraro, a shirin makon nan mun ajiye maganar shanu da raƙuma, muka koma kan kaza. Dalili kuwa, wata baiwar Allah ce daga Gedambaliya ta aiko da tambaya. Ta ce kazarta ta yi kwanci a kan ƙwai 14, ranar ƙyanƙyasa ɗan tsako ɗaya ya fito, bayan kwana biyu uwar ta tashi da shi ta bar sauran. Da ta fasa su, sai ta tarar rabi baragurbi ne, rabi kuma da 'yan tsaki a ciki, wasu sun kusa fitowa. Tana tambaya, kazar ce ba ta iya kwanci ba, ko ido ne?

Baiwar Allah, ba ido ba ne, kuma kazarki ba ta yi laifi ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, ana ƙirgawa daga ranar da uwa ta zauna a kansa. In kaza ta fara kwanci a inda sauran kaji suka saba saka ƙwai, duk sanda ta tashi shan ruwa wata za ta shiga gurbin ta ƙara mata sabo. Wani lokacin ma mai kazar ce da kanta take ƙarawa, yau biyu, jibi uku, don kada kwancin ya tafi a banza. To, na farko zai fito a kan lokacinsa, na baya kuwa da sauran kwana huɗu ko mako. Uwa ba za ta jira ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan ɗan fari ya bushe ya fara kuka, za ta tashi ta nema masa abinci, sauran su yi sanyi su mutu a cikin ɓawo. Abin da kika gani ke nan.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. A tara ƙwan, a sa mata su duka rana guda, a yi wa kowane alama da gawayi. Kullum in ta tashi a leƙa, wanda ba shi da alama a ɗauke a dafa wa yara. Kada a wuce 8 zuwa 10 ga kazar gida mai ƙaramin jiki, 12 ga babba. In kuka ga ƙwai yana leƙowa ta gefen fiffike, sun yi mata yawa. Kuma da yake tana jujjuya su, ba ɗaya ne kawai zai yi sanyi ba, kowane sai ya ɗana zaman gefen.

Sai maganar baragurbin. A nan ƙasar Gadarif, daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ƙwan da aka ajiye a ɗakin kwano a irin wannan lokaci ya lalace tun kafin kaza ta hau kansa, don ɗan da ke ciki yana fara motsi da zafin rana, ya tsaya da dare, har ya mutu. A ajiye ƙwan kwanci a gindin randa, kan yashi mai ɗan laima, kada ya wuce mako guda, in ya yi nisa kwana 10. Kada a wanke shi, don akwai wani ɗan lulluɓi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta. Da rani kuma, a yi gurbin a ƙasa, a ɗan jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawar. Bushewar iska takan sa fatar cikin ƙwai ta manne wa ɗan tsako ya kasa fita.

Ranar ta 7 zuwa ta 10, da dare, ku ɗauki tocila ko fitilar waya ku haska kowane ƙwai a tafin hannu. Mai rai za ku ga jijiyoyi jajaye kamar yanar gizo-gizo da ɗan baƙin ɗigo. Wanda haske ya ratsa fes, zakara bai hau ba, a cire shi.

Ita uwar fa? Mutane sukan manta da ita. Kaza mai kwanci sau ɗaya take tashi a wuni, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima, ta koma. A sa mata ruwa da dawa kusa, amma ba a cikin gurbin ba, don ta riƙa tashi. Babbar abokiyar gabarta ita ce kaskar kaji, wadda ke ɓuya a tsagar bango da ɓawon itace da rana, ta fito da dare ta sha jini. Kazar da ta watsar da ƙwai a mako na biyu, ku duba ƙarƙashin fiffikenta kafin ku zage ta. A ƙone tsohuwar ciyawar gurbi, a liƙe tsagar bango da laka, a barbaɗa toka a ƙasa, a tanada mata wurin birgima na toka da yashi. Abu ɗaya muke roƙo. Gedambaliya ƙasar manyan gonaki ce, a nan aka fara noman dawa da tarakta a Sudan tun tsakiyar shekarun 1940, kuma kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshi. Kada a shafa wa kaza shi. Yana kashe ta, ko ya kashe abin da ke cikin ƙwan.

Makiyaya, naku lissafin daban ne. In kun san tashi ya kusa, za a yi arewa wajen Buɗana da faɗuwar damina, ko za a gangaro kudu bayan an yanke dawa, kada a sa wa kaza ƙwai sai an tabbata za a yi mako 3 cur a mashekari, da ƙarin mako guda don 'yan tsaki su yi ƙwari. Girgizar jaki ko raƙumi tana tsinke jijiyoyin cikin ƙwai, kuma kaza da yawa in an sauya musu wuri da rana ba sa komawa kwanci. In dole ne a matsa da gurbi, ko da daga wannan bukka zuwa waccan ne, a yi da dare. Masu sa wa kaza ƙwan zabi kuma, ku tuna shi kwana 26 zuwa 28 yake yi. Ko a sa shi shi kaɗai, ko a riga sa shi da mako guda.

Ranar ƙyanƙyasa, a tsare hannun yara. Daga sanda ɗan tsako ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yakan kai wuni, wani har kwana. Wanda aka ɓare masa yakan zubar da jini ya mutu. Kuma ba ya jin yunwa, don kafin ya fito ya shanye gwaiduwa a cikinsa, tana riƙe shi kwana biyu. Ruwa ya fi buƙata, a murfin kwano marar zurfi, a zuba 'yan tsakuwa a ciki kada ya faɗa ya jiƙe.

Abincin farko tsakin dawa ne ko na gero, da dafaffen ƙwai a marmashe. Dawa kaɗai ba ta gina jiki. A haɗa da gara, da garin busasshen kifi marar gishiri, da ɗan tunkuzar riɗi, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa ambaz. Masu shanu, ɗan kindirmo a cikin tsakin yana da kyau, amma a kwaɓa wanda za su cinye nan take. Duk abin da ya yi funfuna, musamman na gyaɗa, a zubar.

Yawancin 'yan tsakin da ke ɓacewa a makonnin farko suke ɓacewa. Shirwa da hankaka daga sama, muzuru da gafiya da maciji daga ƙasa, tururuwa da dare. Da damina kuma ga baƙar lakar nan tamu, wadda take dunƙulewa a yatsun ɗan tsako har ya kasa bin uwarsa, raɓar safe ta jiƙa shi. Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa a mako biyun farko, in ya jiƙe ya nisanci uwa, shi ke nan. A kife uwa da ɗanta a babban kwando ko akurki mako 2 zuwa 3, a inuwa, a riƙa matsar da shi zuwa busasshen wuri kowace safiya. Bayan nan a riƙa sakin su in rana ta ɗaga.

'Yan kasuwa masu zuwa Galabat da Matamma, ga naku. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko wadda aka kai ba ta sayu ba aka dawo da ita, a ɗaure ta nesa da mai kwanci mako 2. Cutar Niyukasil, mai sa kaza ta yi koren zawo ta murɗe wuya, a kwandon fatake take yawo, kuma ba ta da magani. Rigakafi ne kawai, ɗigo a ido, tun 'yan tsaki suna ƙanana, a maimaita duk wata 3 ko 4. Ku tambayi ma'aikatan dabbobi a Gadarif, ku haɗu gida goma ku sayi kwalba ɗaya.

Mu koma kan baiwar Allah mai ɗan tsako ɗaya. Kazar da ke reno ba ta saka ƙwai, za ta yi kusan wata biyu tana bin ɗa guda. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ya san abin da ƙwai da kaza suka zama a kasuwa, wannan asara ce. In maƙwabciya tana da kaza mai 'yan tsaki sa'o'in naki, ku shirya tsakaninku. Ko ki tura naki ƙarƙashin tata da dare, taki ta huta ta koma saka, ko ki karɓo wasu ki ƙara wa taki. Amma cikin kwana 3 na farko ake yin haka, kuma cikin duhu. In sun wuce nan uwa ta san nata, baƙo sai sara. Da safe ki tsaya ki gani ko ta karɓe su kafin ki tafi aikinki.