Ƙunar Sanyi: Yadda Naman Jiki Ke Daskarewa da Yadda Ake Ceto Shi

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da jaura ke kaɗowa daga arewa maso gabas, sanyin asuba a ƙasar Gaya da Ajingi yakan sauko tsakanin digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyos, abin da ke jawo faso da kaushi da tsagewar leɓe, amma bai kai ga daskarar da naman mutum ba. Ƙunar sanyi kuwa, wato raunin da ke samuwa idan ruwan da ke cikin fata da tsoka ya zama ƙanƙara, ba ta aukuwa sai sanyin da ya ratsa naman ya yi ƙasa da sifili. Duk da haka sanin wannan ciwo ya zama wajibi ga mutanen yankin, domin 'ya'yansu na tafiya karatu da neman abinci a ƙasashen dusar ƙanƙara, sannan kuma dabarun da aka gada na maganin ɗari, irin su jin ɗumi da gashi da murza, su ne ainihin abubuwan da ke ƙarasa lalata gaɓar da ta daskare.

Ɓarnar takan zo ne a zango biyu. Idan jiki ya ji sanyi mai tsanani, sai ya matse ƙananan jijiyoyin jini na yatsu da kunnuwa da hanci da kumatu domin ya tattara ɗumi ga zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma da zarar jini ya janye daga waɗannan gaɓoɓi, sai ƙanƙara ta fara fitowa a tsakanin ƙwayoyin halittar naman, tana zuƙe musu ruwa har su yamushe su mutu. Zango na biyu yana zuwa ne bayan naman ya narke, saboda bangon jijiyoyin ya riga ya sami rauni, jinin da ya dawo yana dunƙulewa ya toshe hanya, wurin ya kumbura, naman da ya tsira daga ƙanƙara ya mutu saboda rashin jini. Wannan ne ya sa gaɓar da ta narke ta sake daskarewa ta fi kowace shiga hatsari.

Iska mai ƙarfi da jiƙaƙƙen tufafi da matsattsen takalmi suna gaggauta abin, haka ma yunwa da gajiya da shan taba da barasa da ciwon sukari. Hukumomin Kanada suna gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A ranar 24 ga Disamba 2016, wasu matasa biyu 'yan Ghana suka tsallaka da ƙafa daga Amurka zuwa Kanada kusa da garin Emerson na lardin Manitoba, suka shafe sa'o'i cikin dusar ƙanƙara kafin wani direban babbar mota ya tsince su, kuma daga baya likitoci a birnin Winnipeg suka yanke musu kusan dukkan yatsun hannuwansu. Irin wannan ta sha faruwa ga 'yan Afirka ta Yamma masu haura tsaunukan Alps daga Italiya zuwa Faransa.

A gida kuma, hanyar da ciwon ke biyowa ita ce sana'a. Gas ɗin girki yana zaune ne a matsayin ruwa cikin tukunyarsa, kuma ɗaya daga cikin sinadaransa, furofen, yana komawa iska a digiri 42 ƙasa da sifili, don haka idan ya fesu a hannun mai ɗura gas, yana iya daskarar da fata cikin daƙiƙu. Mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yana fuskantar irin wannan daga iskar da yake ɗurawa, kamar yadda mai aiki a ɗakin sanyi na kifi da mai ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan targaɗe na dogon lokaci suke fuskanta.

Likitoci sun kasa tsananin ciwon mataki huɗu. A mataki na farko fata takan yi fari ko ta koɗe, ta dena ji, gefenta ya yi ja ya kumbura, kuma takan warke ba tare da asara ba. A na biyu bororo mai ruwa garau yakan fito cikin kwana guda, alamar cewa naman ƙasa na da rai. A na uku bororon yakan cika da jini, wanda ke nuna cewa ɓarnar ta ratsa fatar gaba ɗaya, a na huɗu kuwa ta kai ga tsoka da jijiya da ƙashi, gaɓar ta yi tauri kamar itace, daga baya ta bushe ta yi baƙi. A jikin mai baƙar fata ba a cika ganin ja ba, don haka an fi dogara da taurin wurin da mutuwar ji da toka-tokar da fatar ke yi.

An daɗe ana kuskure wajen taimakon farko. Dominique Larrey, babban likitan sojojin Napoleon a lokacin janyewarsu daga Mosko a 1812, ya lura cewa gaɓoɓin sojojin da suka gasa su a bakin wuta sun fi saurin ruɓewa, sai ya ba da shawarar a riƙa murza wurin da dusar ƙanƙara, aka kuwa bi wannan shawara fiye da shekara ɗari, har sai da ayyukan likitoci irin su William Mills na Alaska, a shekarun 1950 da 1960, suka nuna amfanin ɗumamawa cikin hanzari da ruwa. Abin da ake yi yanzu shi ne a cire jiƙaƙƙen tufafi da zobe, a tsoma gaɓar cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda lafiyayyen hannu zai iya jurewa ba tare da ya ƙone ba, na kimanin minti 30 ko har naman ya yi laushi. Ba a murzawa, ba a kusantar da kaskon gawayi, ba a yin gashi da ruwan zafi, domin wurin da ba ya ji yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba, kuma ba a fara narkar da gaɓar idan akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a isa asibiti.

Narkewar na da raɗaɗi ƙwarai, don haka a asibiti ana ba da maganin kashe zafi mai ƙarfi, da ibuprofen domin rage kumburi, da allurar rigakafin tetanus, sannan a naɗe kowane yatsa daban a ɗaga gaɓar sama. Idan ciwon mai zurfi ne, akwai maganin narkar da gudajin jini da ake bayarwa cikin sa'o'i 24 na farko, da kuma iloprost, mai buɗe jijiyoyi, wanda ake sawa a ƙarin ruwa cikin kwana uku na farko, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan ciwo a watan Fabrairu 2024. Ba a gaggawar yanke gaɓa sai idan ruɓa ta fara yaɗuwa, ana jira makonni har iyakar mataccen nama ta fito fili. Wanda sanyin gas ya ƙona a Gaya ko Ajingi ya kamata ya fara da Babban Asibitin Gaya, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala idan raunin ya yi zurfi.

Hatsarin da hunturun yankin ya fi kawowa shi ne faɗuwar ɗumin jiki gaba ɗaya, wanda ake ƙidayawa daga ƙasa da digiri 35 ga babba, da ƙasa da 36.5 ga jariri sabon haihuwa. Jarirai, musamman bakwaini, da tsofaffi da almajiran da ke kwana a zaure su ne kan gaba, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke shawartar a jinkirta wankan jariri aƙalla kwana guda, a rufe masa kai, a manna shi a ƙirjin uwarsa. Amma ga mai sana'ar gas da mai shirin tafiya ƙasar sanyi, kariyar ba ta wuce safar hannu mai kauri da busasshiyar safa da takalmi mai yalwa ba, tare da sanin cewa yatsan da ya dena jin zafin sanyi ba sauƙi ya samu ba, lokacin neman likita ne ya yi.