Cin abinci a rumfar kasuwa da ƙananan yara: Abin da ke gaban iyaye a arewacin Kano

Duk ranar Lahadi, tun da hantsi, hanyoyin da suka nufi kasuwar Ɗambatta kan cika da motocin haya da babura da amalanken shanu. Cikin masu tafiyar akwai magidanta da iyalansu, wata da goyo a baya, wata tana janye da ɗan shekara uku. Kafin a gama ciniki a juyo gida azahar ta gota, yaron da ya sha koko da sassafe kuwa bai san a jira ba. Ala tilas a nemi rumfar mai abinci.

Haka lamarin yake a Bichi da Tsanyawa da ke kan hanyar Katsina, da Makoɗa da Minjibir, da bakin kasuwar hatsi ta Dawanau, da ƙofar kowane babban asibiti inda ’yan ƙauye ke yini suna jiran ganin likita. A cikin birnin Kano, fita cin abinci da iyali wani nishaɗi ne da ake shirya wa, musamman a lokacin Sallah, a yi kwalliya a nufi gidajen abinci na Nasarawa ko na titin gidan Zoo. A karkarar arewacin jihar kuwa, ba kasafai ake fita domin cin abincin ba. Wata larura ce ke fitar da mutum, yunwa ta riske shi a hanya shi da yaransa.

Abincin saye ba baƙo ba ne

Kuskure ne a ɗauka cewa mutanen karkara ba su saba da abincin saye ba. Wannan yanki da ke kewaye da Kano yana cikin wuraren da jama’a suka fi cunkushewa a karkarar Afirka ta Yamma, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kamar yadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana tun a shekarun 1960. A irin wannan wuri babu dajin da za a shiga a yi itace yadda aka ga dama, shi ya sa karan dawa da na gero suke da daraja. Hura wuta sau uku a yini asara ce. Abin da aka saba shi ne a tuƙa tuwo da dare, a yi ɗumame ko a sayi koko da ƙosai da safe, da rana kuma a aiki yaro da kwano ya sayo ɗanwake ko fura ko dambu a maƙwabta.

Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, daga baya kuma a Ɗorayi da ke gefen Kano, ta kira wannan harka da ɓoyayyen ciniki: kasuwa ce sukutum da matan aure ke ci daga cikin ɗakunansu, yara ’yan talla kuma su ne ƙafafunta.

Sai dai akwai abin da ya raba wancan tsari da rumfar kasuwa. A ƙauye uwa ta san gidan da aka yi ɗanwaken. Ta san rijiyar da suke ɗiba, ta san ko matar gidan mai tsafta ce ko ƙazama, kuma idan cikin yaro ya ɓaci an san ƙofar da za a nufa. Mai sana’ar ma ta san haka, domin sunanta shi ne jarinta. A tasha ko a kasuwar mako wannan sanayya ba ta nan. Mai abincin na iya zama mutuniyar kirki, kuma da yawansu haka suke, amma mafi yawan masu cin abincinta ba za ta sake ganinsu ba sai wani makon, in ma ta gan su. Abin da sanayya ke yi wa iyaye a gida, a nan idonsu ne kaɗai zai yi musu.

Benci na maza ne

Matsalar ita ce wanda ya fi sanin cikin yaron ba shi ne ke tsayawa a gaban tukunya ba. Rumfar abinci a kasuwannin karkara an yi ta ne domin maza: direbobi, dillalai, ’yan dako da fatake. Benci biyu ne ko uku da teburi dogo. Kunya ba ta barin matar aure ta zauna a tsakiyarsu tana cin abinci, balle a ce ta zauna kusa da mijinta suna ci a kwano ɗaya a bainar jama’a. Saboda haka sai ta raɓe a gindin bishiya ko bayan wata rumfa da yaran, maigida ya je ya sayo a leda ya kawo.

Ke nan uban ne ke ganin tukunya, shi ke ganin ruwan wanke-wanke, shi ke ganin ko ƙuda ya yi wa nama rumfa. Amma sau da yawa da ma’aunin cikinsa yake aunawa. Namijin da ya shekara ashirin yana cin abincin tasha ba ya jin komai, don haka a ganinsa abincin lafiya lau ne. Abincin wani gubar wani, in ji Hausawa, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar tsakanin babba da yaron da bai kai shekara biyar ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara sanadin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu. Daga cikin mamatan, 125,000 yara ne ’yan ƙasa da shekara biyar. Jikin yaro ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa kaɗan ne, gudawar da babba zai yi ya tashi ya tafi gona tana iya kwantar da yaro cikin yini guda.

Zafin abinci da tsawon zamansa

Tambayar da ta fi kowace amfani a gaban mai abinci ita ce: yaushe aka sauke? Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ɗuminsa ke tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma’aunin Salshiyos, shi ya sa masana ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin firji ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, shinkafar da aka sauke da ƙarfe goma aka zuba a baho aka rufe da leda ta daɗe da shiga wannan hali kafin la’asar.

Shinkafa ma tana da nata sharrin na daban. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta huce ta jima sai ta farfaɗo ta zuba dafi a ciki, dafin kuma ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Wannan ne ya sa garau-garau ɗin yamma, duk da arharsa da daɗinsa, ba abincin ɗan yaye ba ne.

Abin mamaki, abincin da ake rainawa shi ya fi aminci. Ƙosai da awara da ake tsamowa daga mai a gaban idonka, wainar da ake juyawa a tanda, ɗanwaken da aka kwaso daga tafasasshen ruwa yanzun nan, ƙwan da mai shayi ya fasa ya soya kana tsaye, duk sun fi wata jar miya mai kyan gani da ta yini a kula. Akasin haka su ne abubuwan da ba sa komawa wuta bayan hannu ya taɓa su: kwaɗon zogale da na rama, latas da kabeji da tumatirin da ake yankawa a kan shinkafa, da yankakken kankana da ya sha rana a faranti. Idan an ga dama a ci, amma kada a sa wa yaro.

Nama kuma sai a sa mai tsire ya mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai. Ita kuwa tsohuwar jarida da ake naɗe shi da ita, mu da muke aikinta mun san ba don abinci aka yi tawadarta ba.

Ruwa ya fi abincin haɗari

Mai lura zai ga cewa a yawancin rumfuna roba ɗaya ce ta wanke hannu, kowa ya tsoma, ruwan ya koma kalar miya. Wanke hannun yaro a ciki ƙara masa datti ne. Buta da ɗan guntun sabulu a jakar uwa sun wadatar: a zuba masa ruwa yana gangarewa ƙasa. Haka kofin da ke kan randa, wanda baki ɗari ya taɓa tun safe. Gorar ruwa daga gida, wanda aka tafasa ya huce, ta fi komai sauƙi, ga ta kuma kyauta.

Ba tsoro ne na banza ba. A 2021 Najeriya ta yi fama da annobar amai da gudawa mafi muni cikin shekaru masu yawa, inda hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Cutar ta fi bin ruwa, ta fi kuma yaɗuwa da damina, lokacin da ambaliya ke haɗa masai da rijiya.

A watan Maris na wannan shekarar dai ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano, wasu suka rasa rayukansu, bayan sun sha kayan sanyi da aka haɗa da wani gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Binciken hukumar NAFDAC ya nuna cewa wani sinadari ne mai guba. Masu haɗa lemon da kansu ba su san abin da suka saya ba. Darasin da ke ciki ga mai ɗa ƙarami shi ne, zoɓo da lemon ƙulli masu launi da ba a san hannun da ya haɗa su ba, ba abin lallashin yaro ba ne. Fura da nono abinci ne na gaske, sai dai a tambayi ruwan da aka dama da shi da ƙanƙarar da aka jefa a ciki, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, adana ta yake yi. Jaririn da bai cika wata shida ba kuwa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, har da ruwan. Nonon uwa ya ishe shi.

Me za a saya da kuɗin da ke hannu?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da hauhawar farashin abinci da ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, magidanci ba ya sayen kwano-kwano. Kwano ɗaya ake saye a taru a kai. A nan ƙaramin yaro ne ke cutuwa, domin kafin ya kai loma uku yayyensa sun share. Gara a roƙi mai abinci ƙaramin kwano a ɗebar masa nasa daban, kuma a ɗiba kafin a barbaɗa yaji. Girkin kasuwa da ma an yi shi ne da harshen manya, gishiri da ɗanɗanon dunƙule sun yi masa yawa, ba sai an ƙara ba.

Ga kuma batun abin da kuɗin zai saya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. A yankin da haka take, kuɗin da za a ba da a karɓi lemon kwalba da biskit ya fi kyau ya tafi ga dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba, ko alale mai zafi, ko awara, ko ayaba da lemon zaƙi waɗanda ɓawonsu ya kare su daga ƙura da hannu. Gyaɗa da aya da guntun ganda kuwa suna iya sarƙe ƙaramin yaro, musamman in yana ci yana wasa ko mota na tafiya.

Wani haɗarin da ba a cika ambata ba shi ne wurin zaman kansa. Kaskon suya a ƙasa yake, daidai tsayin mai rarrafe, babura kuma suna kutsawa ta tsakanin rumfuna.

Ina duba-gari?

Dattawa suna tuna zamanin da jin an ce ga duba-gari nan ke sa a ruga a wanke randa. Har yanzu akwai jami’an tsaftar muhalli a kowace ƙaramar hukuma, kuma duba wuraren sayar da abinci yana cikin aikinsu. Amma jami’i ba zai ce wa mai tuwo ta wanke kwano da ruwa mai gudu ba alhali kasuwar ba ta da famfo, jarka take saye a hannun ’yan garuwa, kowace jarka kuma daga ribarta take fita. Ƙananan hukumomin da ke karɓar harajin rumfa duk ranar kasuwa su ne ya kamata a tambaya ina rijiyar burtsatse, ina makewayi, ina ’yar inuwar da mace mai goyo za ta zauna ta shayar da ɗanta.

Idan kuma an dawo gida cikin yaro ya ɓaci, abin farko shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a haɗa da tsaftataccen ruwa bisa ma’aunin da aka rubuta a jikinsa, tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba shi nono da abinci. Allurar rigakafi ba ta ɗauke wannan nauyi ba: ɗigon rigakafin cutar rota da aka shigar cikin jadawalin jarirai a watan Agustan 2022 nau’i ɗaya na gudawa yake karewa, ba ya hana kwalara ko taifot. In aka ga idon yaro ya faɗa, ko ya kasa shan komai, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko akwai jini a bayan gidansa, ko bayan gidan ya zama kamar ruwan shinkafa, to a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa a daren, kada a bari sai gari ya waye.