Shokazoba da Kayan Sitiyari: Gyaran Tsohuwar Jif a Ƙasar Taura

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Ringim da Taura zuwa Haɗejiya, ya kuma ratse daga kwalta ya nufi ƙauyukan fadama ko ya bi ayarin 'yan kasuwar Gujungu, ya san irin wahalar da mota ke sha a wannan ƙasa. Da rani ga rairayi, da damina ga taɓo da kwazazzabai. Shi ya sa masu hali kan nemi jif, wato irin su Land Rover da Land Cruiser, ko da kuwa ta kwana biyu. A wannan ɗan bayani za mu duba sassa biyu da suka fi saurin gajiya a irin waɗannan motoci, wato shokazoba da kayan sitiyari.

Da farko ya kamata mai karatu ya san ba shokazoba ce ke ɗauke da nauyin mota ba, wannan aikin sifirin ne. Ita dai kwalba ce ta ƙarfe cike da mai, a cikinta akwai sanda mai faifai a kai, faifan nan kuwa yana da 'yan ƙananan huji. In taya ta faɗa rami sifirin ya motsa, tilas man ya matse ta cikin hujin nan, wannan matsi shi ne ke hana motar yin ta tsalle. Idan man ya yoye, sai mota ta riƙa rawa kamar kwalekwale, tana sunkuyar da goshi duk lokacin da aka taka birki. Babban haɗarin shi ne tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa sosai, saboda haka tsayawa kan ɗauki tazara fiye da yadda direba ya saba. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. In ta yi sama da ƙasa fiye da sau biyu kafin ta natsu, ko aka ga danshin mai a jikin kwalbar, to ta mutu.

Shokazoba biyu-biyu ake canza ta, ko na gaba duka ko na baya duka, domin sabuwa a dama da matacciya a hagu kan sa mota ta karkata a kwana. Akwai kuma wani kuskure da yaran gareji kan yi: su ɗaure notin bushin tam alhali motar na rataye a kan jak. Daidai shi ne a sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ƙarasa ɗaurin, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage tun ba a je ko'ina ba.

Kayan sitiyari sun fi wannan ban tsoro. A ƙarshen sandar da ke juya taya akwai gaɓa, dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin ƙoƙo, an cika shi da giris an rufe da roba, kamar dai gaɓar ƙugun mutum. Muddin robar nan ta tsage, rairayi ya shiga ya gauraya da giris, sai ya dinga cin ƙarfen a hankali. Direba zai ji sitiyari na wasa a hannunsa, gefen taya na cinyewa. A ɗaga motar, a kama taya ta dama da hagu a jijjiga. In an ji ƙwas-ƙwas, gaɓar ta saki. Ranar da dunƙulen ya fice daga ƙoƙonsa, tayar ta daina bin umarnin direba ke nan, kuma ba ta sallama kafin ta yi haka.

A nan ne nake ganin bai kamata a yi tsumulmula ba. Wasu kan sa a daddaki tsohuwar gaɓa da guduma don ta matse, wasu su soka ƙusa a madadin filin da ke hana noti warwarewa. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ba ta da nisa daga Taura, ana samun sabo, ana samun na Beljiyam, sai dai na hannun ma ya riga ya ci rabin ransa a wata ƙasa. Wajen kwancewa, bakanike mai lura kan ƙirga zagaye nawa tsohuwar gaɓa ta yi kafin ta fita, ya mayar da sabuwa da wannan adadi. Wannan ƙirga dai ta kai mota wurin masu saita taya ce kawai, ba ta isa a ɗora lodi a kama hanyar Haɗejiya ba.