Zuciya Ba Ta Jiran Mota

Idan zuciyar mutum ta tsaya a Tungan Maje, Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ya yi masa nisa, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Saboda irin wannan, tun farkon shekarun 1980 masu amsa wayar gaggawa a gundumar King ta Amurka suke koya wa na kusa danna ƙirji kafin motar asibiti ta iso.

To jama'a, a Ikko ko Abuja lambar ita ce 112. In mutum ya faɗi ba ya numfashi, a buga, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti. Yayyafa ruwa ba ya tayar da zuciya.