Abin Da Ya Kai Hausawa Bakin Kogin Nilu

Duk Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ya san abin da ake nufi da barin gida. Amma shi nasa da sauƙi, domin ran da ya ga dama sai ya shiga mota, kwana ɗaya ya ishe shi ya ga mahaifa. Akwai waɗansu 'yan'uwansa da kakanninsu suka bar ƙasar ɗungum shekara fiye da 100 da suka wuce, har yau kuwa jikokin suna can ƙasar Sudan, suna magana da Hausa, suna tuwon dawa. Larabawan can suna kiransu Fallata ko Takari. Ruwa dai ba ya tsami banza. Me ya fitar da su?

Babban dalili na farko shi ne zuwan Turawa. Bayan da sojan Ingila suka ci Sakkwato ran 15 ga watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira. Tun zamanin Shehu Usmanu an daɗe ana faɗi cewa a ƙarshen zamani jama'a za su tashi su nufi kogin Nilu don su tarbi Mahadi. Saboda haka da labari ya bazu cewa Sarkin Musulmi ya tashi, sai manoma suka bar gonakinsu, masaƙa suka bar saƙa, malamai da almajirai suka ɗauki allunansu suka bi shi. Turawa suka tare su a Burmi, kusa da Bajoga cikin Jihar Gombe ta yanzu, ran 27 ga watan Yuli 1903. Nan Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ne ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Suka ratsa ƙasar Cadi da Darfur, suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Garin da suka kafa har gobe sunansa Mai Wurno. Abin mamaki, watau ƙasar da suka gudo wa Turawan Ingila zuwa cikinta, ita ma Turawan Ingila ke riƙe da ita tun 1898.

Amma mai karatu kada ya ɗauka duka gudun Nasara ne. Mafi yawan waɗanda suka bi wannan hanya daga baya alhazai ne. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano wajen shekarun 1950, talaka ba shi da hanyar Makka sai ƙafa ko jaki, daga baya kuma babbar mota. Mutum ya tashi daga Kano ya bi Yerwa, ya haye zuwa Fotlami, wadda ake kira Injamena yanzu, ya bi Abeshe da Junaina da Fashir, ya isa Ubayyid inda jirgin ƙasa yake, sa'an nan ya gangara Sawakin ko Fot Sudan ya nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum ƙarshen wannan tafiya. Tilas ya tsaya ya yi noma ko dako ko ga-ruwa, ko ya koyar da yara karatu, ya tara na gaba. Wani ya yi shekara biyu a hanya, wani bakwai, wani ya yi aure a zango, 'ya'ya suka zo, tafiya ta gagara.

Sai kuma auduga ta zo ta ƙara riƙe su. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin Jazira tsakanin kogunan Nilu biyu. Gonakin na bukatar hannuwa, mutanen yamma kuwa an shaide su da juriyar aiki. Suka zama su ne masu tsinkar auduga da noman dawa a kewayen Wad Madani, galibi a gonar wani. Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a kansu a 1995. Ya tarar da mutanen da aka haifi kakanninsu a Sudan, amma in an tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Waɗansu ma ba su yarda su gina ɗaki mai ƙarfi ba, wai kada ya hana su tashi.

Yunwa da haraji su ma sun kori nasu. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta watsa ƙauyuka da yawa. A ƙasar Faransa kuwa, watau Nijar da Cadi, aikin tilas bai ƙare ba sai 1946, samari da dama suka gwammace su ɓace da su yi shi.

Wahalar da ba a hango ba ita ce ta takarda. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta kafa a 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897. Mutanen Burmi kuwa bayan 1903 suka iso. An sassauta dokar daga baya, da yawa sun sami takardunsu, amma kalmar baƙo ba ta bar bakin maƙwabta ba. A watan Yuli 2022, da Hausawan Jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, rikici ya ɓarke a wajen Damazin da Rusairis, aka kashe mutum fiye da 100. Aka sake yi a watan Oktoba, asarar ta fi ta farko. Tushen maganar ƙasar noma ce: wa ke da ita, wa aka ba aro.

Ana cikin haka yaƙi ya tashi a Hartum ran 15 ga watan Afrilu 2023 tsakanin sojan gwamnati da rundunar RSF. A watan Disamba na wannan shekara Wad Madani ta faɗa hannun RSF, ba ta koma hannun soja ba sai Janairu 2025. A watan Mayu 2023 Gwamnatin Tarayya ta kwaso 'yan Nijeriya da jiragen sama, waɗansu ta Aswan a ƙasar Masar, waɗansu ta Fot Sudan, yawancinsu ɗalibai masu fasfo. Jikan alhajin da ya tashi daga Haɗejiya ko Katagum da ƙafa ba ya cikin wannan lissafi. Ba shi da fasfon Nijeriya, bai san kowa a Kano ba, sunan garin kakansa kaɗai ya riƙe. Shi da iyalinsa sai suka bi sauran 'yan Sudan, suka nufi Gadarif da Kasala.